Asabar Ɗin da Orval Ya Ci Virgil

Mako uku kacal Orval Sizemore ya yi a cikin ramin kwal a duk rayuwarsa. Shekararsa goma sha tara a lokacin. A rana ta goma sha takwas, suna can cikin ƙasa inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai rufin ya yi wata ƙara a saman kansa, irin ƙarar da tsofaffin ma'aikata ko ɗaga kai ba sa yi in sun ji ta. Orval ya yar da shebur ya kama rarrafe, bai tsaya ba sai da ya ga hasken rana. Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba a ranar. Amma shi bai sake komawa ba.

A garinsu, Harlow Gap, ba a manta irin wannan. Ba wanda ya zage shi a fili. Ya samu aikin tuƙa babbar mota, yana sauko da kwal daga kan dutse zuwa bakin layin dogo, sau shida a rana, kuma ya shekara talatin da biyar yana wannan aiki bai taɓa kifar da mota ba. Duk da haka, in maza suka zauna ana hirar ƙarƙashin ƙasa, shi sai dai ya zuba wa kofinsa ido har a gama.

Wanda ya kawo masa kwanon abincin da ya bari a rami ranar nan shi ne Virgil Tackett, mijin yayarsa Nadine. Virgil ya girme shi da shekara biyar. Dogo ne siriri, mai manyan hannaye, ba shi da yawan magana sai in ya ga wurin tsokana. Ya ajiye kwanon a baranda ya ce, "Ga shi nan, ban ci ba." Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Sai dai tun da Orval ya kama tuƙi, Virgil ya daina kiran sunansa. "Direba" yake ce masa, kuma a bakinsa kalmar tana da wani ɗanɗano da Orval ya kasa haɗiyewa.

Zauren ƙungiyar ma'aikata yana da teburin sinuka biyu. Kowace Asabar bayan abincin rana maza sukan taru a can har ƙarfe biyar. Coy, mai kula da zauren, yakan dafa kofi a babbar tukunya, ya ajiye wake da burodin masara da matarsa ta aiko. Ƙa'idar wurin ita ce, wanda ya fara cin wasa biyar shi ya ci karawa, kuma ba mai cin Virgil. Ko sanda tasa ta kansa ba shi da ita. Yakan ciro duk wadda hannunsa ya kai daga jikin bango, ya mirgina ta a kan tebur, ya ga tana rawa saboda karkata, ya ce, "Wannan ma ta isa." Sai ya sunkuya ya riƙa tura ƙwallaye rami ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jera ƙwai a kwando.

Orval bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma can cikin ransa ya ƙulla abu biyu wuri ɗaya. Ranar da ya ci Virgil a gaban mutanen nan, ranar zai daina zama yaron da ya gudu daga rami. Yakan ci wasa ɗaya ko biyu in sa'a ta zo, amma karawa bai taɓa ci ba. A ganinsa kuwa laifin sandunan zauren ne.

A shekarar 1979 ya yi odar sandarsa ta farko ta gidan waya, mai gaɓa biyu da ake ɗaurawa a tsakiya, cikin baƙar jaka. Ya shigo da ita zaure yana tafiya kamar ango.

"Kai, jama'a, ku matsa," in ji Coy. "Direba ya zo da bindiga."

Virgil ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya shafa ta. "Tana da kyau," ya ce. "Ita ke bugu da kanta, ko sai an taimaka mata?"

Biyar da ɗaya Virgil ya ci shi.

Orval ya ce sandar ba ta da nauyi ne. Ya sayo mai oza ashirin da ɗaya, wadda in ya fasa ƙwallaye da ita har masu wucewa a titi sai sun waiwayo. Da wannan ba ta yi ba ya sayo mai fata mai tauri a baki. Daga nan mai siririn wuya, sai mai naɗin zare a mariƙi, sai mai gaɓar tagulla. Kowacce in ta zo, makon farko yakan ji kamar hannunsa ya buɗe, ya kwana yana shirya abin da zai ce wa Virgil. Asabar na zuwa sai a yi masa abin da aka saba. Kafin ya cika hamsin yana da sanduna goma sha ɗaya jere a jikin bangon falonsa, cikin wata ma'ajiya da ya ƙera da hannunsa.

Ya yi aure a tsakanin nan. Shekara tara suka yi da Darlene, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba duka, ba zagi, ba ya shan giya fiye da kima. Amma duk daren Asabar yakan dawo fuska a murtuke, ba ya iya magana sai Litinin. Wata rana ta tsaya a falo ta dubi bangon nan ta ce, "Ni miji na aura, ashe mai gadin sanduna na samu." Ta tafi wurin ƙanwarta a Ohio da sunan hutun mako biyu. Bai bi ta ba, ita ma ba ta dawo ba.

Ramukan kwal suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Matasa suka watse neman aiki. Waɗanda suka rage a zauren Asabar suka koma tari, don ƙurar da suka shekara talatin suna shaƙa ta daskare musu a huhu. Aka rufe tebur ɗaya da tamfol saboda babu masu wasa. Virgil ya ajiye aiki a 2004, kuma bai daina ci ba, sai dai bayan kowane wasa yakan zauna ya dafa gwiwoyinsa na ɗan lokaci. Shi kuwa Orval, da likita ya duba ƙirjinsa ya ce huhunsa fes kamar na saurayi, kunya ce ta hana shi gaya wa kowa.

A 2010 aka sallami direbobi. Orval ya wayi gari da shekara hamsin da biyar, ba aiki, ba mata, sai lokaci da ya rasa inda zai kai shi. Da bazara ta kama ya ji labarin wata sabuwar irin sanda da aka ce ba ta kauda farar ƙwallo gefe, kuma akwai mai sayar da ita a garin Beckley. Ya saka mafi tsadar sandunansa a jaka, ya hau a-kori-kurarsa ya kama hanya.

Shagon gareji ne a bayan wani gida, da tebur ɗaya a tsakiya da injin gyaran sanduna a kusurwa. Mai shagon tsohuwa ce gajera da ta haura saba'in, tabarau rataye a wuya, sunanta Opal Hensley. Wurin mijinta ta gaji injin da sana'ar. Orval ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Sanda nawa kake da ita a gida?" ta tambaya.

"Goma sha ɗaya."

"To ta goma sha biyun me za ta yi maka da waɗancan suka kasa? Ciro taka ka buga mini in gani."

Ta ajiye ƙwallo ɗaya nesa, saitin ramin kusurwa, ta ajiye fara a bayanta a layi ɗaya. Orval ya sunkuya ya danna da ƙarfi. Ƙwallon ta daki bakin rami ta dawo. Ta sake jerawa, ya sake kuskurewa. Ta uku ce ta shiga, ita ma sai da ta yi rawa.

"Aikin me kake yi?"

"Motar kwal nake tuƙawa da."

"Ai na gani. Ka shaƙe sandar nan kamar sitiyari a gangara. Dubi yatsunka, har sun yi fari. Ga shi da kafaɗa kake bugu, ba da hannu ba. Kuma kafin sanda ta taɓa fara ka riga ka ɗaga kai, kamar mai shirin gudu."

Ba ta san komai game da shi ba, amma Orval ya ji kalmar har cikin ƙashinsa.

"Shekara nawa kana haka?"

"Talatin da wani abu."

"Kuma ba wanda ya taɓa gaya maka?"

Orval ya tuna da Virgil, tsaye a gefen tebur duk shekarun nan, dogare da karkatacciyar sanda, yana kallon kowane bugu nasa.

Opal ta karɓi sandar, ta cire robar gindinta, ta kwance wani ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa daga ciki ta jefa a gwangwani. "Yanzu oza goma sha tara ce. Ba katanga kake rushewa ba." Ta dubi fatar bakin, ta ce ta bushe ta zama ƙashi. Ta yanke ta, ta liƙa wata mai matsakaicin laushi, ta sa a inji ta zagaye ta har ta yi kwana kamar gefen kwabo. Ta nuna masa yadda ake shafa alli, a hankali, kafin kowane bugu, ba yadda yake murzawa kamar mai haƙa rijiya ba. Sannan ta tsayar da shi, ta gyara masa ƙafa da takalminta, ta danna kansa ƙasa har haɓarsa ta kusa taɓa sanda. Ta riƙe gwiwar hannunsa da yatsu biyu.

"Nan ba ya motsi, kamar an kafa masa ƙusa. Daga nan zuwa ƙasa ne kawai ke lilo. Ja baya a hankali. Tsaya numfashi ɗaya. Saki, bar ta ta wuce inda fara take. Kuma kada ka tashi sai ƙwallo ta tsaya, ko da gidan nan wuta ta kama."

Da zai tafi ta miƙa masa kwalbar lemo da babu komai a ciki. Ta ce ya kwantar da ita a teburin cin abinci, ya riƙa shigar da bakin sanda cikin bakinta yana fitarwa ba tare da ya taɓa gilashi ba, sau ɗari biyu kowace safiya. In ya iya, ya dawo.

"Sabuwar sandar fa?"

"Ba zan sayar maka ba. Sauka lafiya."

Safiyar farko, a bugu na huɗu kwalbar ta yi tsalle ta faɗi ƙarƙashin firij. Mutum mai shekara hamsin da shida ya durƙusa yana lalube, yana zagin tsohuwar da bai san ta ba jiya. Amma ya ɗauko ta ya ci gaba. Coy ya ba shi makullin zaure da sharaɗin ya riƙa yin shara, don haka kowace safiya bayan kwalba sai ya tafi can shi kaɗai. Yakan buga fara ta tafi ƙarshen tebur ta dawo, yana tsugune bai motsa ba, yana jiran ta dawo ta sumbaci bakin sanda. Wata guda tana dawowa ta gefe. Wata uku wasansa ya fi na da lalacewa, don tsohon hannu ya tafi, sabon bai zauna ba. Sau biyu ya nemo wani ƙarfe zai mayar cikin sandar, ya fasa.

Wata safiya a watan Agusta fara ta dawo ta taɓa bakin sanda, ta sake, ta sake, har sau bakwai a jere. Ya zauna a kujerar Virgil yana duban hannunsa kamar na aro.

Ya koma wurin Opal. Ta koya masa dukan fara a ƙasa don ta dawo baya, a sama don ta bi ƙwallo, a tsakiya don ta tsaya cak. "Sa ƙwallo a rami kowa ya iya," in ji ta. "Abin tambaya shi ne ina fara za ta kwana bayan nan. Ka san bugu na uku kafin ka yi na farko. Kuma ka rage ƙarfi. Rabin abin da kake kuskurewa, da a hankali ka tura da ya shiga."

A lokacin ne Orval ya yanke shawarar da ya fi yin nadama a kanta. Ya daina zuwa zaure ranar Asabar. Ba ya so Virgil ya ga aikin rabi. Yana so ya shigo rana ɗaya, cikakke, a yi ta ta ƙare. Ya koma zuwa wasa garuruwan da ba a san shi ba.

Nadine ta kira shi a waya. "Virgil na cigiyarka. Ya ce ko Direba fushi ya yi."

"Ki ce masa ina nan tafe."

"Orval, ka zo ka gan shi fa."

"Na ce ina tafe, Nadine."

Ya gan shi ranar Kirsimeti, zaune a kujera da bargo a cinya da siririn tiyo a hanci. Ya ce wa kansa sanyi ne, in zafi ya zo zai warware. Ya san ƙarya yake yi. Da kafaɗarsa ya ɗauki akwatin gawar mutum huɗu da suka fara da irin wannan tiyo. Amma ya ci naman da Nadine ta gasa, ya koma gida ya kwantar da kwalbarsa.

A watan Satumba na 2012 ya shiga gasa a Beckley, mutum arba'in, ya zo na uku. Opal tana zaune a baya da kofinta. Da ya zo wucewa ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu kana zama a kan bugunka." A hanyar gida ya tsaya a zaure ya ce wa Coy ya gaya wa Virgil za su kara ranar Asabar ta biyu a wata mai kamawa.

Coy ya daɗe yana dubansa. "Ka san wata biyu rabonsa da nan?"

"Kai dai ka gaya masa."

Mutum bakwai ne a zauren ranar. Ƙarfe biyu Nadine ta tsayar da mota a ƙofa. Virgil ya shigo yana jan tukunyar iska mai taya a bayansa, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta wani. Daga ƙofa zuwa kujerarsa sau biyu ya tsaya ya huta. Orval yana tsaye da sandarsa a hannu. Ya buɗe baki zai ce a bari sai wani lokaci.

Virgil ya riga shi. "An ce ka shiga makaranta... wurin wata tsohuwa." Maganarsa a gutsure take fita. "To zo ka karanta mana."

Aka yi dariya kaɗan. Coy ya ciro masa sanda daga bango. Virgil ya fasa, ƙwallayen suka ɗan watse kawai, ba wadda ta shiga. Orval ya zo ya dubi teburin, ya ga komai a buɗe kamar hanyar da ya saba bi, wannan sai wannan sai waccan har baƙar ƙwallo, ta ƙarshe. Ya sa huɗu a jere. Da ya zagayo sai idonsa ya faɗa kan Virgil, dafe da gefen tebur, leɓunansa sun yi shuɗi. Ta biyar Orval ya ɗan karkatar da ita ta daki bakin rami, ya bar fara a wuri mai daɗi. Virgil ya ci wasan a hankali, yana hutawa bayan kowane bugu. Wasa na biyu ma haka aka yi.

Coy ya rubuta biyu da babu a allo. Virgil ya kwantar da sanda a kan tebur.

"Direba. Matso."

Orval ya matso.

"Shekara talatin da uku... ina cin ka. Na taɓa bar maka... ko ɗaya?"

"A'a."

"To ni za ka yi wa sadaka? A gaban mutanen nan?"

"Kuskure na yi, Virgil."

"Ƙarya kake. Na ga hannunka. Mai hannun nan... ba ya wancan kuskuren." Ya juya. "Coy, goge allon. Daga farko."

Nadine ta miƙe daga bencin bakin ƙofa. "Virgil, ya isa haka. Tashi mu tafi gida."

"Zauna, Nadine." Ya ja numfashi sau uku kafin ya ƙarasa. "Kai kuma, ka sake bar mini ɗaya... kada in gan ka wurin jana'izata."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru.

Orval ya shafa alli ya sunkuya. Bai taɓa yin wasa irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Hannunsa yana lilo shi kaɗai, fara tana zuwa duk inda ya aike ta ta kwanta. Sau huɗu kacal Virgil ya samu zuwa tebur, kuma kowane zuwa sai ya miƙe, ya jawo tukunya, ya gyara tiyo, ya sunkuya, sunkuyon kuma ya toshe masa numfashi. A wasa na huɗu ya sunkuya ya daɗe, kafaɗunsa na sama da ƙasa, da ya saki sai sandar ta zame daga jikin fara da wata ƙara mara daɗi. Ba wanda ya taɓa jin wannan ƙara daga hannun Virgil Tackett. Mutane suka sunkuyar da kai. Wasa na biyar Orval ne ya fasa, kuma bai ba da tebur ba har ƙarshe. Ba abin da ake ji a zauren sai ƙarar ƙwallaye da hucin tukunyar iska. Baƙa ta gangara a hankali ta faɗa ramin tsakiya. Orval ya zauna a kan bugunsa kamar yadda aka koya masa, haɓa a kan sanda, kuma ya ji ba ya son tashi.

Ba wanda ya tafa. Coy ya riƙe alli bai rubuta ba.

Virgil yana kujerarsa, ya yafito shi da yatsa. "Da ka zo da wannan... shekara goma baya," ya ce, "da mun yi wasa."

Orval ya ce, "Ka san ina ɗaga kai. Ka san ina shaƙe sanda. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambayata?"

Daga nan tari ya sarƙe shi, irin wanda ba ya tsayawa. Nadine ta murɗa kan tukunya, Coy da wani suka tallafe shi suka kai shi mota, ƙafafunsa na jan ƙasa. Orval ya bi su da tukunyar a hannu. Da aka rufe ƙofa Nadine ta zagayo ta tsaya gabansa. Ita ce ta goya shi yana jariri lokacin da uwarsu ke aikin wanki a asibiti.

"Ka ji daɗi yanzu?" ta ce.

"Shi ya ce in yi, Nadine. Kin ji da kunnenki."

"Fiye da shekara yana zama kusa da taga ranar Asabar. Ba wasa yake jira ba, kai yake jira." Ta shiga mota ta ja.

Virgil bai sake taka zauren ba. An kwantar da shi asibiti a Disamba, ya rasu a Fabrairu, ana zubar ƙanƙara. Orval ya je duba shi sau uku, duk yana barci, ko kuma ya rufe ido ne, Allah masani. Likita ya ce huhunsa ya daɗe da zama dutse, ba abin da zai canza lissafin. Wasu a gari kuwa suka ce Asabar ɗin nan ce ta karya shi. Orval ya yarda da maganar likita, kuma bai iya ƙaryata ta mutanen gari ba. Yana cikin shida da suka ɗauki akwatin. Ya yi mamakin rashin nauyinsa.

Ya ci gaba da zuwa zaure. Ba wanda ya ce masa komai. Amma da zarar ya ɗaura sandarsa, sai wannan ya tuna bayansa na ciwo, wancan ya ce matarsa na jiransa. Yakan jera ƙwallaye ya share su shi kaɗai, ya sake jerawa, mutum uku ko huɗu suna zaune suna kallon taga suna tari. Bayan shekara biyu aka rufe zauren, wani mutumin Kentucky ya zo da mota ya kwashe teburan. Nadine ta sayar da gida ta koma wurin 'yarta a Tennessee. Duk Kirsimeti takan aiko masa da kati, sunanta kawai a ciki.

Yanzu Orval ya kai saba'in, kuma ƙirjinsa lafiya lau. Kowace Talata yakan yi tuƙin minti arba'in da biyar zuwa cibiyar tsofaffi ta Beckley, inda suke da tebur ɗaya kusa da ɗakin da mata ke saƙa. Can ba wanda ya san Harlow Gap balle abin da ya faru a cikinta. Sun dai san shi da tsohon nan da ba a cin sa, mai wata ɗabi'a da ke ba wasu haushi. In ya ga mutum yana kuskure ba ya iya yin shiru. Yakan taso daga kujera ya zo ya tsaya a kansa, ya ce sassauta yatsunka, gwiwar hannunka na yawo, ka tashi da wuri.

Kwanan baya ya yi wa wani tsohon ma'aikacin gidan waya haka, mutumin ya miƙe a fusace. "Malam, wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa," in ji Orval. "Sake bugawa in gani. Kada ka ɗaga kai."

Mutumin ya ajiye sanda ya koma ɗakin talabijin. Orval ya tattara ƙwallayen ya jera, ya dubi sauran, ba wanda ya taso. Ƙarfe huɗu ya kwance sandarsa ya sa a jaka, don yana so ya isa gida da sauran haske. Fitilun motoci sun fara damun idonsa.